Lafiyar Matar Soja: Ƙafa, Tukunya da Barci

Assalamu alaikum. Ina gaida Magajiya da shugabannin mata na wannan bariki, ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena. Masu goyo ku gyara zama, in yaro ya yi kuka ba sai an fita da shi ba, zan ɗaga murya.

Soja dai an san shi da motsa jiki. Tun duku-duku ya fita gudu, ga fareti, ga mai sa masa ido in tumbi ya fara turowa. Matarsa fa? Ita ba mai busa mata usur. Ranar da aka tura maigida Borno ko dajin Zamfara, ita ce uwa ita ce uba: kai yara makaranta, layin ruwa, tsaron shago a kasuwar mami. In aka ce ta motsa jiki sai ta ce, "Wane motsi ne ya wuce wanda nake yi?" Ba a ƙi ta tata ba, amma gajiya daban, motsa jiki daban. Wanki a sunkuye da tsayuwa gaban murhu suna karya baya, amma ba kullum suke sa zuciya bugun da zai ƙara mata ƙarfi ba.

To nawa ake buƙata? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar, kuma ba dole a yi shi a dunƙule ba. Wadda take jiran ta samu awa guda cur babu mai kiran sunanta, to sai yara sun yi aure. A yanka shi: minti goma in kin dawo daga rakiyar makaranta, ki bi doguwar hanya ta gefen filin fareti maimakon yanke, minti goma bayan la'asar, minti goma bayan abincin dare, wanda yake taimakawa wajen sauke sukarin jini. Ma'aunin saurin ba ya buƙatar agogo mai tsada. In kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, kin kai. In kina tafe kina ba da labarin biki ba ko haki, wannan yawo ne.

Bariki ya fi gari sauƙin wannan abu, don akwai titi shimfiɗaɗɗe, ga tsaro. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan bulok ɗaya, ɗaya ta tsare ƙananan yara yau, gobe a sauya. A watannin Maris zuwa Mayu, musamman masu zama irin Giginya a Sakkwato ko Maimalari a Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, a fita bayan asuba kawai ko dab da magariba. Alamar kin sha isasshen ruwa tana cikin fitsari: in ya yi fari-fari lafiya lau, in ya yi kalar shayi ki ƙara ruwa. Kuma silifa ba takalmin tafiya ba ne, yana jawo ciwon dunduniya. Kambas na gwanjo ya wadatar.

Na ƙarfin tsoka kuwa, kayan aikin suna ɗakinki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kin ga galan mai lita huɗu ya zama ƙarfen ɗagawa. Abu uku sun isa a fara. Na farko zauna-tashi a kan kujera: ƙafa a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ki tura ƙugu baya kamar za ki zauna, ki taɓa kujerar ki miƙe, sau goma. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa, daga nan ciwon gwiwa ke farawa. Na biyu ture bango: tafin hannu a bango daidai ƙirji, ki matsa baya taku biyu, ki lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusanci bango, ki ture. Na uku ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗaga ƙugu sama ki ƙirga uku ki sauke. Kowanne sau goma, a zagaya biyu, kwana biyu a mako da hutun kwana a tsakani. Ranar da goma ta zama wasa, a ƙara zuwa goma sha biyar ko a rungumi galan. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gaɓa, ko jiri, ko nauyin ƙirji, a tsaya nan take.

Jarkar nan mai lita 25 da kuke ciccibowa daga famfo, kilo 25 ce. Ki tsuguna ki jawo ta jikinki, ki miƙe da ƙarfin cinya, kada ki murɗa ƙugu tana hannunki. Raba ta gida biyu ya fi.

Masu jego, ku matso da kunnuwanku. Tafiya a hankali ana iya fara ta da wuri in haihuwar ta zo da sauƙi, amma motsi mai ƙarfi sai bayan awon mako shida, wadda aka yi wa tiyata kuma sai likita ya sallama. Kafin ki fara atisayen rage tumbi da kike gani a waya, ki gwada wannan: ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya. In kin ji rami da ya fi faɗin yatsa biyu, tsokar ciki ba ta gama haɗewa ba, kuma atisayen kwanta-tashi zai ƙara turo cikin ne. Abin da ya dace shi ne matse ƙasa, kamar mai riƙe fitsari da tusa a lokaci guda, ki ƙirga biyar ki saki ki ƙirga biyar, sau goma, sau uku a rana. Kina shayarwa ma kina yi, ba wanda ya sani. Kada dai a yi shi ana tsakiyar fitsari. Mai ɗigar fitsari in ta yi tari ko dariya, ta ba wannan atisayen matsewa kamar wata uku.

Sai kunun kanwa. Na san zan taɓa ran iyayenmu, a yi mini afuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da gadon wuta. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ba ta huta daga ɗawainiyar ciki ba kuma ta kasa. Mai jego da take haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, asibiti za a kai ta ranar, ba sai an jira maigida ya samu fas na zuwa gida ba.

Wannan ya kawo mu tukunya. Gishirin da aka yarda baligi ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliyar yara. Dunƙulen ɗanɗano kuma kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mai jefa biyar a miya ta kuma barbaɗa gishiri, ta yi lissafi da kanta. Kada a yanke dare ɗaya, yara za su yi bore. A rage ɗaya duk mako, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. A faranti, rabi ya zama ganye, malmalar tuwo kamar dunƙulen hannunki, sauran wake ko ƙwai ko awara ko kifi. Kwaɗon zogale da na rama, faten alayyafo, dambu, duk suna cikin lissafi, kuma ba sa jiran albashi ya shigo. Zogalen da za a ajiye a shanya shi a inuwa. Mai ƙarancin jini ta raba shayi da abinci da kamar awa guda, don shayi yana hana jiki jan sinadarin ƙarfe, lemon tsami kuwa yana taimaka masa. Kwalbar lemon kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Zoɓo ya fi, yana ma ɗan sassauta hawan jini, amma zoɓon da aka zuba wa gwangwanin sukari ya koma lemon kwalba, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Akwai abin da nake gani yana yawaita in an ji bataliya ta kusa dawowa: kowa na son gyaran gaggawa. Mai son ramewa ta sayi shayin rage ƙiba, wanda galibi maganin zawo ne irin filasko. Ruwa take zubarwa, kitse na nan, ga kasala ga murɗar ciki. Mai son cika kuma ta nemi sha-ka-fashe. Yawancinsa dexamethasone ne ko maganin buɗe ciki. Na farkon yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, yin haka na da haɗari. Ta je asibitin bariki a riƙa rage mata a hankali. Duk kwalbar da aka ce "na gargajiya ne zalla" amma ba a rubuta abin da ke ciki ba, ni ban yarda da ita ba.

Barci kuma, awa bakwai ake nema. Na san abin da ke hana shi: kwana uku lambar maigida ba ta shiga, ga hotuna na yawo a WhatsApp. Ki sa wa kanki doka, bayan isha'i babu duba labarin filin daga, ki bar ƙarar kira a buɗe ki aje wayar nesa da filo. Jita-jita a tantance ta wajen Magajiya ko ofishin rundunar da safe. Goro da shayi mai ƙarfi su tsaya daga la'asar. In kuwa baƙin ciki ya kai mako biyu, ba ci, ba barci, ba sha'awar komai, wannan ciwo ne mai magani, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

Yanzu ga awo can a bayan zaure. Na ƙugu ana ɗaura tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, a saki numfashi, ban da shanye ciki. Daga santimita 80 mace ta fara hattara, 88 kuma haɗarin ya ƙaru. Na jini kuwa, ki zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba surutu. Wadda ta ci goro yanzu ta koma ƙarshen layi sai bayan rabin awa. Duk wadda nata ya kai 140 bisa 90, za a rubuta mata a takarda ta zo a sake aunawa wata rana, don awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Masu ciki su fara zuwa.