Lacca: Yadda Manhaja Ke Tura Ɗanyen Fakiti

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa yau, in lokaci ya bari.

Na farko. Kullum in manhajarka za ta aika saƙo, kai dai bayanai kake miƙawa, sauran aikin na kanel ne, wato zuciyar Linux. Shi zai ɗora kan TCP, ya ɗora na IP, ya ɗora na Ethernet, wato bayanan jagora da kowace ƙa'idar sadarwa ke mannawa a gaban saƙon, ya miƙa wa katin sadarwa. Ɗanyen fakiti kuwa, wato ƙunshin saƙon da kai ka haɗa, ce masa ka yi ya ja gefe, kai za ka jera komai da hannunka. Ka buɗe soket, wato ƙofar da manhaja ke tura saƙo ta ciki, irin AF_PACKET da SOCK_RAW, ka ɗaure shi da katin da kake so, misali eth0. Amma sai kana da ikon root, wato babban mai iko a kwamfutar, ko izinin CAP_NET_RAW, in ba haka ba ko ƙofa ba za a buɗe maka ba.

Kan Ethernet bayit 14 ne kacal. 6 adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, na wanda za a kai wa, 6 naka, 2 na ƙarshe su faɗi irin kayan da ke ciki: 0x0800 IPv4 ke nan, 0x0806 ARP mai tambayar MAC ɗin mai wani adireshin IP, 0x86DD kuma IPv6. Bayit biyun nan, jama'a, bayit biyun nan! Ku ajiye biro ku dube ni.

Kwamfuta mai injin Intel ko AMD tana ajiye lamba ne da ƙaramin bayit a gaba. Ka rubuta 0x0800, ita ta ajiye 00 sannan 08. Waya kuma, wato igiyar sadarwa, babban bayit take so a gaba, 08 sannan 00. In ka kwafa yadda yake ka tura, wanda ya karɓa zai karanta 8. To ga inda abin ke burge ni: a ƙa'idar Ethernet, duk lambar da ba ta wuce 1500 ba a wannan gurbi tsawon kaya take nufi, nau'i sai daga 1536 zuwa sama. Kai ka ce ga IPv4, shi ya ji ka ce kayana bayit 8 ne. Ya duba, bai gane ba, ya yar. Kuma babu mai gaya maka! Manhajarka ta ce ta tura, gaskiya ta faɗa, ta tura ɗin. Sai mutum ya kwana yana zargin waya, yana zargin kati, har da shaiɗan. (Dariya.) Maganin kuwa haruffa biyar ne, htons, umarnin da za ka kira a manhajarka, shi ke juya bayit ɗin. Ku maimaita. Htons. Lambar tashar TCP ma haka, tsawon fakitin IP ma haka.

Na biyu... ko na uku muke? Ba komai. Lissafin tantance kan IP kai za ka yi, bayit 4 na tantancewa a ƙarshen firam, wato duk ƙunshin Ethernet ɗin, kuma katin ne ke ƙarawa. Kaya kada su wuce 1500. Ku buɗe tcpdump ko Wireshark, manhajojin duba fakiti, a gefe ku ga abin da ya fita da idonku. Kuma a kan na'urorinku za ku gwada, ba na mutane ba.

Na'am, ɗan'uwa?

"Malam, ni na tura SYN da hannu, amsa ta dawo, amma nan take haɗin ya tsinke."

Yauwa! Kanel ɗinka ne ya tsinke shi. Kai ka tura SYN, wato saƙon neman buɗe haɗin TCP, ta bayan idonsa, ɗaya ɓangaren ya amsa da SYN-ACK, wato ya yarda, shi kuma ya duba littafinsa bai ga ya buɗe wannan haɗi ba, sai ya mayar da RST, saƙon tsinke haɗi. Ka sa doka a iptables, mai tace fakiti a Linux, ta tare RST ɗin da ke fita zuwa wancan adireshin, ko ka yi amfani da wani adireshin IP da kanel bai san da shi ba, amma fa sai ka amsa ARP da kanka. Ana yi mini alama lokaci ya cika. Zo da kwamfutar taka mu duba dokar tare.