Rana da Makaranta a Ƙauyukan Kan Dutse

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kafin mu shiga lissafin mutane, bari mu fara da rana, don ita ce ke zaɓar wa ƙauyen kan dutse mazauni.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6.5, damina ta gajarce, shuka ta yi nawa. Shi ya sa in ka shiga kwarurrukan tsaunukan Alps na Turai za ka tarar gidaje da gonaki sun yi cincirindo a gangaren da ke fuskantar kudu, wanda ya fi samun rana, ɗaya gefen kuwa an bar wa daji da inuwa.

Wanda bai dace da gangare ba fa? Ku dubi Viganella a arewacin Italiya. Daga 11 ga Nuwamba zuwa 2 ga Fabrairu rana ba ta leƙo garin, dutse ya tare ta. A 2006 suka kafa wani ƙaton madubin ƙarfe, mita 8 da mita 5, can saman dutsen, kwamfuta na juya shi yana bin rana, yana cillo haske tsakiyar dandalin gari. Ku kwatanta tsofaffi zaune a wannan ɗan fegin haske, kewaye da su duk inuwa. Kuna dariya, amma wata uku ba hantsi ba wasa ba ne.

To, sai batun jama'a. Corippo a Suwizalan tana da mutum kusan 300 a 1850. Kafin a haɗe ta da maƙwabtanta a 2020 ba su kai 15 ba. Ba annoba aka yi ba. Matasa ne suka gangara neman aiki, aka bar tsofaffi da ƙofofi a kulle.

Ni a ganina ma'aunin gaskiya makaranta ce, ba ƙidaya ba. Ranar da aka rufe aji, iyaye kan fara ɗaure kaya. Albinen, wani ƙauye a Suwizalan, ta ga haka: makarantarta ta rufe, sai a 2017 mazauna suka kaɗa ƙuri'ar biyan duk baligin da ya zo ya zauna faran 25,000 na kuɗin Suwizalan, yaro 10,000. Da sharaɗi fa: kada ka kai shekara 45, ka sayi gida ko ka gina, kuma ka yi shekara 10 cur. In ka tashi kafin nan, ka mayar musu da kuɗinsu.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, malam, muna jin ka.