Fodkas daga Samaru: Wace Manhaja Za Ta Riƙe Maka Karatunka?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Hadiza ce daga Samaru, tare da Malam Bala da Sani. Yau batun manhajar da mutum zai riƙa tara abin da ya karanta a ciki za mu taɓa. Sani, 'yan ajinku a ABU da me suke aiki?

Sani: Yawanci WhatsApp ne, Anti. Mutum ya ɗauki hoton shafi a Laburaren Kashim Ibrahim ya tura wa kansa. Ranar da zai rubuta furojet sai ya rasa inda ya shiga.

Malam Bala: Ai tarawa ba ta da wuya, nemowa ce aiki. Akwai wani masanin zamantakewa Bajamushe, Niklas Luhmann, da ya bar katunan rubutu kusan 90,000. Kowane kati da lambarsa, kuma yana nuna wanda ya danganta da shi. Wannan haɗin shi ne manhajar Obsidian, wadda ta fito a 2020, take yi maka a waya da kwamfuta.

Hadiza: Malam, ni fa Notion nake so. Muna aikin rukuni mu huɗu, kowa na ganin gyaran ɗan'uwansa nan take.

Malam Bala: Don aikin rukuni ban ja da ke ba, Hadiza. Amma karatun shekara goma na mutum ɗaya fa? Tambayata ita ce, a ina rubutun yake kwana? Na Notion yana kan kwamfutocin kamfanin. Na Obsidian fayiloli ne na rubutu zalla, a tsarin Markdown, cikin foldar wayarki. Data ta ƙare, ko an ɗauke wuta, muddin akwai caji kina karatunki. Ko kamfanin ya rufe gobe, kowace manhajar rubutu za ta buɗe su.

Sani: Haka ta taɓa faruwa ne, Malam?

Malam Bala: Ba rufewa ba, amma a ƙarshen 2023 manhajar ajiye rubutu ta Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa rubutu 50. Wanda ya tara dubbai, in yana son ƙara sabo, ya ga dole ya biya da dala ko ya kwashe kayansa. Ka san yadda biyan dala yake a wurin ɗalibi.

Hadiza: Amma Obsidian ma ana biya idan kana son waya da kwamfuta su riƙa daidaita.

Malam Bala: Gaskiya ne. Sai dai folda ce, kina iya kwafe ta a filas duk Juma'a. Akwai kuma wata manhajar, Joplin, kyauta ce.

Sani: Wani abu ya dame ni. Idan na rubuta da ƙ da ɗ yau, gobe na rubuta babu lanƙwasa, bincike ba ya haɗa su.

Malam Bala: To ka tsaya kan guda. Ka saka allon rubutun Hausa na Gboard ka riƙa sa lanƙwasar kullum. Kafin kuma ka zaɓi ko wace manhaja, ka yi rubutu goma a ciki, ka kashe data ka gani ko za su buɗe, sannan ka gwada fitar da su zuwa wata manhajar. Idan ta ƙi sakinsu, kada ka ƙara na sha ɗaya.

Hadiza: Ni dai Notion tana nan don rukuninmu, amma bayanan digirina yau zan gwada fitar da su.