Yadda ake zaɓar regileta don tulun giyar gida

A Amurka da Turai, masu haɗa giya a gida da yawa sun daina ɗura ta a kwalabe. Tulun ƙarfe suke zuba ta, irin wanda ake kira Cornelius mai cin lita 19, wanda asali kamfanonin lemo ne suka yi amfani da shi. Sai a tura iskar CO2 daga silinda ta ba giyar gas, ta kuma koro ta zuwa famfo. Kayan aikin ɗaya ne da na masu yin ruwan soda.

Matsin da ke cikin silinda a zafin ɗaki ya haura psi 800 (psi ma'aunin matsin iska ne), giya kuwa psi 10 zuwa 12 take so in tana cikin firji a digiri 3 ko 4. Aikin regileta ke nan, ta sauko da shi ta kuma riƙe shi wuri guda.

Kafin ku tambayi farashi, ku fara duba bakin silindarku. A Amurka CGA-320 ake amfani da shi, yawancin Turai kuma W21.8. In zaren ya sha bamban, kada ku matsa da sufana, lalata shi za ku yi. Tsakanin bakin da notin regileta akwai 'yar wosha ta roba mai tauri. Ba ta kai girman kwabo ba, amma in ta tsage silinda cikakkiya na iya zurarewa a dare ɗaya. Ku sayi kaɗan ku ajiye. Regiletar gas ɗin girki ba ta shiga wannan aiki sam. Ta masu walda mai auna lita a minti ita ma ba ta dace ba, don gudun iska take aunawa.

Yanzu ku dubi agogo biyu masu auna matsi da ke jikin regileta. Na sama shi ne ke nuna abin da ke shiga tulu, shi ne na aiki. Mai ƙarewa a psi 60 ya wadatar, wanda ya kai 160 kuwa layukansa sun matsu, ba za ku bambanta 10 da 12 ba. Na gefe yana nuna matsin silinda, kuma yana ruɗin mutane sosai. CO2 ruwa ne a cikin silinda, don haka allurar ba ta sauka sai ruwan ya ƙare, daga nan ta faɗi cikin ɗan lokaci. In kun sa silindar a firji za ta sauko wajen 550, alhali ba abin da ya ragu, sanyi ne kawai. Mai son sanin saura ya ɗora ta a sikeli ya cire nauyinta in ba komai a ciki, wanda aka buga a wuyanta bayan haruffan TW.

Abu biyu ne ba ma yarda a yi sassauci a kansu. Bawul mai hana komawa baya, domin in tulu ya cika maƙil kuma matsinsa ya fi na tiyo, giya za ta haura cikin regileta ta bushe, ta manne. Daga nan allura ta riƙa hawa da kanta, kofi ya cika da kumfa. Sai bawul ɗin tsaro da ke fitar da iska in matsi ya wuce kima.

Tulu biyu masu matsi ɗaya, mai raba tiyo ya ishe ku. In ɗaya giya ne a 12 ɗaya soda a 30, sai regileta mai jiki biyu. Baƙar giya mai naitrojin silindarta tana da nata bakin, CGA-580 a Amurka, da tata regiletar.

Bayan kun haɗa, silinda ta tsaya a tsaye, a ɗaure, don in ta kwanta ruwan CO2 zai shiga regileta ya daskarar da robar ciki. Ku shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ku duba kumfa. Sannan ku rufe bawul ɗin tiyo da na silinda ku bar ta ta kwana. In da safe allurar gefe ta sauka akwai yoyo, ku fara da woshar nan.