Lacca: Gidan da ke gindin tudu ko bakin kududdufi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa game da gidan da ƙasa ke zamewa a ƙarƙashinsa, ko take gangarowa kansa. Wani zai ce ai Kano a shimfiɗe take. Je ka gindin Dala da Goron Dutse ka ga gidajen da aka sare jikin tudu aka kafa. Ga kuma na bakin kududdufi a cikin birni.

Na farko, alamu. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta tafi a karkace, ƙofar da ta fara cijewa, daɓen tsakar gida da ya rabu da bango. Shafa siminti sama-sama a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ƙasa tafiya take yi.

Na biyu, ruwa. Nan fa ku gyara zama. Ruwa ke tura ƙasa, jama'a, ruwa! Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cur. A watan Agusta ƙasar bayan katangarka ta tare ƙasa ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi, ta kuma saki jiki. Sai mai gida ya kira birkila, a jera bulo mai inci 9, a yi filasta har da fenti, ba a bar ko ƙofar allura ba. Dam ka gina, Alhaji, Tiga ka kawo bayan ɗakinka! (Dariya.) Katangar tare ƙasa dole ta yi fitsari, ku yi haƙuri da kalmar. A sa gutsuren bututun roba mai inci 3 ko 4 a ƙasa-ƙasan katangar, duk bayan mita ɗaya da rabi, bakinsa ya ɗan sunkuya waje. Bayan katangar kuma a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 daga ƙasa har kusan sama, kada a mayar da jar ƙasar da aka tono, don ita ke toshe bututun. Na ce tsakuwa. Wani zai ga ruwa na tsiyaya ya ce aiki ya ɓaci, ya cusa tsumma. Kada ka toshe! Wannan tsiyayar ita ce ran katangar.

Har yanzu kan ruwan muke. Indararo kada ya zuba a gindin gini, a haɗa shi da lambatun siminti. A saman gangaren a yi magudanar da za ta karkatar da ruwa gefe. Shadda da ramin wanka a nisanta su da bakin gangare, don su rani da damina suke jiƙa ƙasa.

Na uku. Katangar kanta. In ta haura mita 1.2, aikin injiniya ne: kankare da rodi, faɗin gindinta kamar rabin tsayinta ko fiye, a riƙa ba ta ruwa kwana 7. A shuka ciyawar jema a jikin gangaren, saiwarta na nutsawa sosai. A kuma nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Na'am, Hajiya?

(Tambaya: Malam, in harsashin ya riga ya zauna, a gyara ko a tashi?)

Yawwa. A Amurka gidan katako akan ɗaga shi da jak a kai shi wani fili. Namu na bulo da na ƙasa ba ya ɗaguwa, tashi a wurinmu shi ne a kwashe kwano, katako, ƙofofi da tagogi. Gyara kuwa ana yi: a tona ƙarƙashin harsashi mita ɗaya-ɗaya, ana tsallakewa, a cika da kankare, ya yi ƙarfi sannan a taɓa na kusa. In aka tone gaba ɗaya, bango zai zauna kan masu aiki. Amma Hajiya, in tsagar ta kai ki zura yatsa, tana kuma ƙaruwa ana tsakiyar damina, a daren nan a fitar da yara daga wannan ɗakin. Injiniya ya zo da safe.