Amsoshin tambayoyinku: jini a fitsari, sanyi ne ko wani abu?

To jama'a barkanmu da warhaka, saƙonni sun taru yau, ga likita nan kusa da ni yana ta goge tabarau, bari mu fara kar lokaci ya ci mu.

Wani bawan Allah daga Birnin Kudu ya ce tunda ya fara shan maganin tarin tibi fitsarinsa ya koma ja-ja, hankalinsa ya tashi. Malam kwantar da hankalinka, likita ya ce ƙwayar rifampicin ce ke rina fitsari, har hawaye da zufa tana rinawa, kar ka kuskura ka daina sha.

Wata daga Maraɗi tana tambaya wai riƙe fitsari na kawo kansa? A'a Hajiya, amma yana iya jawo miki ciwon sanyi, ki tashi ki je ki yi, hirar ba za ta gudu ba.

Sai wannan, ita zan ja da tsawo don mutum biyar ne suka aiko kusan irinta. Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce mahaifiyarta mai shekara 62 ta yi wata bakwai tana ganin jini a fitsari, babu zafi babu komai, mai kemis ya ce sanyi ne, wani asibiti ma suka ce sanyi ne, sau huɗu ana ba ta antibayotik, jinin ya ɗauke ya dawo, sai daga baya aka gano kansar mafitsara ce. Ta ce ya aka yi ba a gane da wuri ba? Allah ya ba Mama lafiya. Likita bismillah.

Likita: Amin. To ai ka san mu nan dole a fara da tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake ce mata bilharziya. Tana fitowa daga jikin dodon koɗi a ruwan kududdufi da madatsai da wuraren noman rani, yaro ya shiga wanka ta huda fata ta shige, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara. A wasu ƙauyuka ma in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ai balaga ce ta zo...

Likita yi haƙuri, Mama muke tambaya, ba yara ba.

Likita: Ai can na nufa. Tsargiyar da ba a yi maganinta ba, in ta shekara da shekaru tana ƙuje mafitsara, tana iya zama kansa bayan mutum ya manyanta, alhali maganinta praziquantel ne, ba tsada, har a makarantu ake rabawa. Sai sigari, ita ce babbar mai jawo wannan kansar a duniya. Maza sun fi kamuwa, amma mata aka fi makara a kansu, don alamomin iri ɗaya ne da na sanyi, yawan fitsari, matsuwa, wani lokaci raɗaɗi, ga mace sai a ce sanyi ne ko jinin al'ada ne. Kuma jinin kansa ɗaukewa yake da kansa ya dawo, sai a zaci maganin ne ya yi aiki.

Kun ji ko? Bari in maimaita da bakina. Babba ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke washegari, ba zancen kemis ba ne. A yi gwajin fitsari a ga ko da gaske akwai ƙwayar cuta ko ƙwan tsargiya, a ɗauki hoton ciki, in an sha magani jinin ya dawo a nemi likitan mafitsara. Shi ke zura wani siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari ya ga cikin mafitsarar da idonsa, in an tarar da ƙarin kansar tun yana ƙarami ta nan ma ake kankare shi ba sai an yanka ciki ba. Ba kowane jini ne kansa ba, yana iya zama tsakuwar ƙoda ko kumburin furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ga dattawa, amma likita ne zai bambance.

Ni dai a ganina mu ma da laifinmu, komai sanyi, ciwon baya sanyi, ciwon mara sanyi, ga masu lasifika a bakin kasuwa suna sayar da jarka guda wai tana wanke sanyin shekara goma. Iyayenmu mata kuma kunya, Mama ba za ta iya gaya wa ɗanta ta ga jini ba, don haka ku 'ya'ya mata ku riƙa tambaya, kuma in kun je asibiti ku faɗi sau nawa aka sha magani bai yi ba.

Ga injiniya can yana nuna min agogo. Mai tambaya daga Kumasi kan fitsarin kwance, ka yi haƙuri, da kai za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.