A Ƙofar Da Aka Harbe Clara Petacci

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina ƙauyen Giulino di Mezzegra, a gefen tafkin Como da ke arewacin Italiya. Ku dubi ƙofar gidan nan da ke bayana, Villa Belmonte ke nan. A bakinta 'yan gwagwarmaya suka harbe Benito Mussolini, shugaban mulkin kama-karya na Italiya, ranar 28 ga Afrilu, 1945, tare da masoyiyarsa, wata mata 'yar shekara 33 mai suna Clara Petacci. Labarinta ne ya kawo ni.

'Yar masu hali ce a birnin Roma, mahaifinta likita ne a fadar Fafaroma. Tun tana yarinya take rubuta wa Mussolini wasiƙu. A 1932 suka haɗu a kan hanyar Ostia, wani gari a bakin teku kusa da Roma. Ya girme ta da shekara 28, ga matarsa Rachele da 'ya'ya biyar. Ita ma ta auri wani hafsan sojan sama a 1934, auren bai yi ƙarko ba.

Mai kallo daga nesa zai ce ta ji daɗin duniya, ga suturar alfarma, ga katafaren gida. Amma ku ji yadda yininta yake. An ware mata ɗaki a Palazzo Venezia, inda yake gudanar da mulki. Da rana sai ta zo ta zauna jiransa, awanni suna wucewa, ya leƙo na ɗan lokaci ya koma ofis. In ta koma gida sai ta rubuta duk abin da ya faɗa, har hirarsu ta waya da kishin da ke cin ta saboda sauran matan da yake nema. A 2009 aka fara wallafa rubuce-rubucen.

Ba wanke ta nake yi ba. Danginta sun ci gajiyar kusancin nan. Tana gefensa lokacin da sojojinsa ke zuba wa Habasha iskar guba, tana nan ya kafa dokokin wariya kan Yahudawa a 1938, kuma ba ta gusa ba.

Duk da haka, wallahi abin da aka yi mata yana damu na. Babu kotun da ta saurare ta. Washegari aka kai gawarta dandalin Loreto a Milan, aka rataye ta ƙafa sama kai ƙasa a gidan mai, jama'a na ta zagi, sai da wani mai tausayi ya ɗaure mata siket don ya suturta ta.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga jirgin ƙasa zuwa Milan, in nuna muku dandalin.